Jirgin Aradu da Karan Dawar Zamfara

Da zarar an gama yankan dawa, duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa zuwa Gusau zai ga kara a tsaye tsibi-tsibi cikin gonakin bakin titi, tun daga 'Yankara har Tsafe, daga Tsafe har gindin dutsen Kwatarkwashi. Manya sun riga sun raba shi a zuci: wannan na danga ne, wannan na rumfa, wancan na murhu, ganyen kuma na dabbobi. Yara ma suna da nasu kason, ko da yake ba mai ware musu. Yaro zai zaro kara mai kauri wanda ƙwaro bai huda ba, ya sa haƙori ko tsohuwar reza ya ɓare bayan siri-siri, ya bar totuwar fara fat. Totuwar ita ce katakonsa, ɓawon da ya fiƙe kuma shi ne ƙusarsa. Kafin la'asar ya haɗa mota mai ƙofar da ke buɗewa, da madubin gefe, da tsani a baya, har da ɗan akwatin da yaran mota ke ajiye kayan aiki.

In ya ƙara wayo sai ya bar kara ya koma kan gwangwanin madara da waya da langalanga. Ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya lanƙwasa sifirin don motar ta riƙa rausaya in ta hau gargada, ya ɗaura dogon sitiyarin da zai riƙe yana tafe a tsaye. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wansa ya gani yana yi, shi ma wan ya gani a wurin na gaba da shi.

Abin da ke wucewa ta gaban idonsu shi suke ƙerawa. Dattawan da suka yi ƙuruciya lokacin da layin dogo ke da rai, wanda ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, jirgin ƙasa suka yi ta yi, da taragunsa na gyaɗa da auduga. Na bayansu suka yi gingimari da tanka da tirela. Na yanzu, a unguwannin Tudun Wada da Sabon Gari da Birnin Ruwa na Gusau, da Bungudu da Tsafe, sun fi yin motar sojoji da babur da bindiga. Jirgin ruwa ne ba kasafai ake gani a hannunsu ba, balle na yaƙi, tunda tsakaninmu da teku tafiyar yini guda ce cur a mota, in ma an yi sa'ar hanya.

Ni na taɓa gwadawa. Ina aji biyar na firamare na ga hoton wani jirgin yaƙi a jikin kalanda a shagon wani tela. Kwana biyu ina zuwa ina leƙensa, sannan na zare kara daga tsohuwar dangar gidanmu na yi mako guda ina haɗawa: bene uku, doguwar hasumiya, igwa gaba da baya. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi na kai shi kududdufin bayan gida. Bai yi taku biyu a kan ruwa ba ya kwanta a gefensa, totuwar ta sha ruwa, ƙusoshin suka saki. Na yi kuka ƙwarai ranar, kuma a cikin manyan da suka rarrashe ni babu wanda ya iya gaya mini dalilin da ya sa motata ta kara ke tafiya amma jirgin ya ƙi tsayuwa. Shekaru da yawa suka wuce kafin na gane cewa tambayar tana da amsa, kuma akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen nemo ta.

Inda wasa ya rabu da samfuri

A Japan da Ingila da Jamus da Amurka, magidanta ne, har da masu furfura, ke ƙera ƙananan jiragen yaƙi. Mutum ya dawo daga aiki ya zauna a kusurwar ɗaki da tabarau da ɗan hantsaki, ya shafe wata shida ko shekara a kan jirgi ɗaya da bai wuce kamu biyu ba. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna kuma yin gasa, inda alƙalai ke duba ko abin da aka kawo ya yi daidai da jirgin gaske a kowane sashe.

Yaron da ke yin motar kara da ido yake awo. In taya ta yi wa motar girma, ba laifi, ai tana tafiya. Mai samfuri kuwa, tun kafin ya taɓa wuƙa, sai ya yanke sau nawa zai rage jirgin. In ya ce 1:100, to kowace mita ɗaya a jikin jirgin gaske ta koma santimita ɗaya a hannunsa, kuma hukuncin ya hau kan komai: tsawo, faɗi, ƙofa, tsani, bakin igwa, har sojan da ke tsaye a kan dandamali, wanda ba zai kai santimita 2 ba, kamar ƙwayar gyaɗa. Ba a yi wa wani sashe alfarma don yana da wuyar yi.

Yawancinsu a yau kwali suke saya, cike da ɗaruruwan gutsattsarin roba da za a ɓalle a manna a yi wa fenti. Kamfanin Airfix na Ingila ya shiga wannan kasuwa a farkon shekarun 1950 da samfurin jirgin Golden Hind. A 1971 wasu kamfanonin Japan, ciki har da Tamiya da Hasegawa, suka haɗa kai suka fito da jerin jirage a awon 1:700, waɗanda aka yanke daidai inda ruwa ke tsaya wa jirgi, ta yadda in an ajiye ɗaya a kan tebur sai a ga kamar yana kan teku. Mai son ganin kowace ƙusa sai ya nemi na 1:350. Jirgin da aka fi rububi shi ne Yamato na Japan, mai tsawon mita 263, wanda jiragen saman Amurka suka nutsar ranar 7 ga Afrilu, 1945. A awon 1:350 yakan zo da santimita 75. A birnin Kure, inda aka gina shi, an buɗe gidan tarihi a 2005 aka ajiye samfurinsa a awon 1:10, mita 26.3, mutane na zagaya shi kamar gini.

Sai dai kwalin roba baƙo ne a wannan aiki. A 1920 masu tonon tarihi suka buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade na tsohuwar Masar, kusa da Luksor, suka tarar da ƙananan jiragen katako da matuƙansu, shekarunsu kusan 4,000. A Ingila ta ƙarni na 17 an riƙa yi wa hukumar jiragen yaƙi samfura na katako, galibi a awon 1:48, a bar gefen jirgin a buɗe don a ga yadda haƙarƙarinsa ya zauna, kuma da yawa daga cikinsu suna nan a gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne fursunonin Faransa. A yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin 1793 da 1815, na juyin juya hali da na Napoliyon, Ingila ta tsare dubun-dubatar sojojin Faransa a kurkuku irin su Norman Cross da Dartmoor, wasu kuma a cikin tsofaffin jirage da aka ɗaure a bakin ruwa. Ba su da katako, ba su da zane, ba su da kayan aiki sai abin da suka wasa da kansu. Suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su a miya, su dafa, su kankare, su bari ya yi fari, su tsaga shi falle-falle su jera a matsayin allunan jirgi. Igiyoyin kuwa da gashin mutum ko na doki ko zaren da suka warware daga tufa suka yi su. Surar jirgin a kansu take, domin da yawansu matuƙa ne da suka yi shekaru a teku. Suna sayarwa a kasuwar da ake ci a bakin kurkukun su sami na taba da ƙarin abinci. Yau jiragen nan na ƙashi suna cikin gilashi a manyan gidajen tarihi. Duk wanda ya taɓa ganin yaron Tsafe yana tsintar gwangwani a bola don ya yi bodin mota zai gane mutanen nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Dalilin kifewar jirgi

Ranar 10 ga Agusta, 1628, aka saki jirgin yaƙin Vasa a tashar Stockholm ta ƙasar Suwidin, da igwa 64 a jere hawa biyu, an ƙawata shi da sassaƙa kamar fadar sarki. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kaɗa shi, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'ar da suka zo kallo. Mutum kusan 30 suka mutu. An yi masa nauyi a sama, cikinsa da ke ƙarƙashin ruwa kuma bai isa ya ɗauki duwatsun da za su riƙe shi ba. A 1961 aka ciro shi kusan cikakke. Ciwon da ya kashe jirgin sarkin Suwidin shi ne ya kashe nawa na kara a kududdufi: bene uku a sama, babu komai a ƙasa.

Mutumin da ya mayar da ƙaramin jirgi kayan bincike shi ne William Froude, injiniya ɗan Ingila. A farkon shekarun 1870, da kuɗin hukumar sojan ruwa, ya haƙa doguwar kwatarniya ta gwaji kusa da gidansa a Torquay, ya riƙa sassaƙa jirage da kakin kyandir yana jan su a ruwa yana auna ƙarfin da ruwan ke tare su da shi. Ya nuna cewa ƙaramin jirgi zai iya faɗin halin babba tun kafin a yanka ƙarfe ɗaya, muddin an san ƙa'idar: in an rage tsawo sau 100, gudu sau 10 kawai ake ragewa, a lokacin ne igiyar ruwan da samfurin ke tayarwa za ta yi kama da ta jirgin gaske. Har gobe, manyan jirage ba sa fita daga takarda sai an gwada samfurinsu a irin wannan kwatarniya, ko da yake kwamfuta ta karɓi wani kaso na aikin.

Sunayen namu ne

Kowane yaro a Gusau ya san rundunar soja ta Hadarin Daji, ya san ta Fansan Yamma, domin motocinsu ta gabansa suka yi ta wucewa. Kaɗan ne suka san cewa jirgin da ya daɗe yana jagorantar rundunar sojan ruwan Nijeriya sunan Hausa gare shi. Aradu ake ce masa, kalmar da kakanninmu ke tsoron rantsuwa da ita a kan ƙarya. Kamfanin Blohm da Voss ne ya gina shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982, lambarsa F89. Tsawonsa mita 125.6, faɗinsa mita 15, nauyinsa in an cika shi da kaya ya kai tan 3,360, yana kuma iya gudun kusan kilomita 56 a awa. Yana da babbar igwa mai bakin milimita 127 a gaba, da makamai masu linzami, da filin saukar jirgi mai saukar ungulu a baya. A 2005 ya je Ingila ya shiga jerin gwanon jiragen duniya na cikar shekara 200 da yaƙin Trafalgar. Ya kuma yi shekaru masu yawa a ɗaure a bakin tasha saboda rashin gyara, abin da ya kamata ya dame mu duka.

Ba shi kaɗai ne mai sunan Hausa ba. Rundunar, wadda aka kafa a 1956, tana da wata al'ada mai kyau: in ta sayi jirage iri ɗaya, sai ta zaɓi dabba ɗaya ta raɗa musu sunanta a harsunan ƙasar daban-daban. Da haka aka sami Dorina, wadda aka gina a Ingila ta fara aiki a 1972, tare da 'yan'uwanta Otobo da Erinomi da Enyimiri. Aka sami Damisa, mai gudu da makami mai linzami, wadda ta zo daga Jamus a farkon shekarun 1980 tare da Ekpe da Agu. Aka sami Kyanwa, wadda aka karɓo daga masu tsaron gaɓar Amurka a farkon shekarun 2000. A 2022 Kada ya iso Legas, jirgi mai tsawon mita 100 da ke ɗaukar sojoji da motocin yaƙi ya sauke su a gaɓa. Akwai kuma waɗanda injiniyoyin rundunar suka gina da hannunsu a Legas: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. Karaduwa suna ne da mutumin Tsafe ya sani sarai, domin da ya ƙetare iyaka ya shiga jihar Katsina ya taka yankin da ake kira da sunan wannan kogi.

Wani zai ce mene ne haɗin Bazamfare da teku. Gulbin da ya ratsa Gusau ya wuce ta Bungudu shi ne gulbin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, Kwara kuma ta bi ta Yawuri da Jebba da Lakwaja ta zube a tekun da jiragen nan ke sintiri. Man da ake raba kuɗinsa a Abuja duk wata, wanda albashin malamin firamare a Bungudu ya dogara da shi, ta wannan teku yake fita. Hafsoshin ruwa ma a Kaduna ake fara horar da su, a makarantar NDA, kuma ana ɗaukar kurata daga kowace jiha. Jirgin ruwa ba baƙon Arewa ba ne: kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai tsawon mita 8.4, an ƙiyasta shekarunsa kusan 8,000, yana cikin mafiya daɗewa da aka taɓa samu a duniya.

In za a gina Aradu a Bungudu

Kwalin roba sai an yi odarsa daga waje da dala, kuma ban ga dalilin da zai sa a jira shi ba. Aradu jirgi ne mai daɗin kwaikwayo. Shi ne na farko da aka gina a kan tsarin da Jamusawa suka kira MEKO, inda ake haɗa makamai da na'urori a cikin akwatuna masu awo ɗaya, a zo a zura su a gurabensu a jikin jirgi. Mai samfuri ma haka zai yi: gangar jiki daban, ɗakunan sama daban, kowace igwa daban, sannan a haɗa.

A awon 1:100 lissafin ba ya buƙatar na'ura. Tsawo santimita 125.6, faɗi santimita 15. Tef ɗin tela ya isa. In wuri ya yi kaɗan a koma 1:200, a sami santimita 62.8. Ana fara ne da hoton jirgin daga gefe, wanda aka ɗauka daga nesa ba a karkace ba. A auna tsawon jirgin a hoton, a raba tsawon samfurin da ake so da wannan adadi, abin da ya fito shi za a riƙa ninka kowane awo na hoton da shi: daga hanci zuwa igwa, daga igwa zuwa ɗakin tuƙi, tsayin hasumiya, tsawon filin jirgin sama. A zana duka a bayan buhun siminti ko kwalin da aka buɗe. Wannan zane shi ne matakin da yaranmu ba su saba da shi ba, kuma shi ne ginshiƙin aikin.

Daga nan sai ƙashin baya, wato sanda ɗaya miƙaƙƙiya daga hanci zuwa ƙarshe. Gwangwala ta fi kara ƙarfi a nan. A yanko haƙarƙari daga kwali mai kauri ko siririn katakon da kafinta ya yar, goma sha biyu ko sha biyar, na tsakiya masu faɗi, na gaba suna tsukewa har su zama kamar bakin gatari. A jera su a kan ƙashin baya da tazara ɗaya, a rufe da ɓawon kara ko totuwar da aka tsaga falle-falle, a goge da samfefa. Ɗakunan sama aikin totuwa ne, ita da ke yankuwa kamar sabulu. Bakin igwa daga bututun biro, shingen gefen dandamali daga siririyar wayar tsohuwar rediyo, hasumiyar rada daga tsinken tsintsiya. Fenti ruwan toka a sama, ja mai duhu a ƙasan layin ruwa, F89 a gefe.

In na ajiya ne a kan kabad, aiki ya ƙare. In kuma ana so ya hau ruwa, sai a tuna totuwa mashayiya ce. Ko dai a shafe gangar da narkakken kakin kyandir da fentin mai hawa uku, ko a je wurin masu ƙera mazurari da fitilar aci-balbal su koya wa yaro yadda ake naɗa gwangwani a like shi da dalma. Sannan a zo kan lissafin da ya fi burge ni. Tsawo ya ragu sau 100, faɗi sau 100, zurfi sau 100, don haka nauyi zai ragu sau 100 sau 100 sau 100, wato sau miliyan ɗaya. Tan 3,360 ya koma kilo 3.36, ya ɗara tiyar dawa ɗaya. Jirgin kara ba zai kai ko rabin haka ba, shi ya sa yake yawo a saman ruwa kamar ɓawon gyaɗa, iska kaɗan ta kifar da shi. Dole a cika sauran nauyin da tsakuwa ko tsofaffin noti, a kwantar da su can ƙasa a kan ƙashin baya, a manne su kada su gangara. In lissafin ya yi daidai, jirgin zai nutse ya tsaya cak a kan layin da aka ja da fenti tun kafin ya taɓa ruwa. In aka sa masa ƙaramin injin tsohuwar kaset da batir, ƙa'idar Froude ta ce gudunsa na gaskiya kilomita 5.6 ne a awa, tafiyar mutum mai sauri a bakin gulbi.

Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ya riga ya taɓa kaso, da ninki uku, da dokar tasowar abu a ruwa, da karanta zane. Duk suna cikin manhajar ƙaramar sakandare, a darasin lissafi da na fasaha, inda galibi ake rubuta su a allo a kwafa a haddace.

Abin da iyaye za su tambaya

Tambaya ta farko ta addini ce, kuma amsarta a fili take. Maganar da malamai suka yi a kan sura ta shafi abu mai rai ne. Gida da mota da jirgi ba sa ciki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da 'yan ƙananan sojojin da ake jerawa a kan dandamali ba, ya bar su, jirgin bai rasa komai ba.

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na ɗaukarta da wasa. A ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, inda a Satumbar wannan shekara aka rufe makarantu da kasuwannin mako aka katse layukan waya, inda ƙauyukan Tsafe da Bungudu da dama suka watse mutanensu suka dawo gari, uwa tana da haƙƙin ta ce ba ta son ganin komai mai sunan yaƙi a hannun ɗanta. Ni ma gabana yana faɗuwa in na ga yara sun rabu biyu a lungu da bindigogin kara, kuma ba kowa ke son zama ɓangaren soja ba. Amma na lura da bambancin aikin biyu. Bindigar kara minti biyar ake haɗa ta, daɗinta kuma yana wajen nuna ta ga wani. Jirgi mai awo yana cin mako shida yaro na zaune wuri ɗaya da rula, yana kuskure yana warwarewa, kuma igwar da ke kansa ita ce abu mafi sauƙi a cikin aikin. Hankalinsa yana kan ko gefen dama ya yi daidai da na hagu. Wanda duk da haka bai gamsu ba, akwai Lana, jirgin rundunar da ke auna zurfin teku yana zana taswira, wanda aka gina a Faransa ya iso a 2021. Akwai kuma kwalekwalen Sarkawa da na bikin Rigata na Yawuri, waɗanda su ma sun cancanci a auna su a yi musu samfuri kafin masu sassaƙa su su ƙare.

Mun saba da wani salo a Arewa. Yaro ya ƙera abin mamaki, hotonsa ya zagaya Facebook, a kai shi gidan gwamnati. Haka aka yi da ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur a 2007, labarinsa ya kai jaridun duniya. Haka aka yi da yaron Maiduguri ɗan shekara 13 da ya gina gadar sama da laka a 2022, gwamnatin Borno ta ɗauki nauyin karatunsa. Ina murna da duk wanda aka taimaka. Damuwata ita ce ɗaruruwan da ke bayan kowane ɗaya, waɗanda hannunsu bai gaza nasa ba, ba a dai ɗauke su hoto ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen motar Chevrolet Volt, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi kafin ya tafi Detroit. Baiwar da ya tashi da ita sai da ta bi ta hannun malaman da suka koya masa zane a kan awo.

Irin waɗannan malamai muna da su a gida. Akwai kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, akwai ta jiha a Talatar Mafara mai sunan Injiniya Abdu Gusau, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Akwai kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya a Gusau, wadda ta mata ce, kuma wannan ya dace, domin yarinyar da ke ƙirga zare a ɗinkin hula ko ta jera kaba a saƙar faifai ta riga yayyenta maza sanin awo. Ɗalibi ɗaya daga cikinsu da zai ba ƙungiyar kimiyya da fasaha (JETS) ta wata sakandare yammacin Asabar ɗaya a wata, da rula goma da tef biyu da kwalbar gam, ya isa a fara. Rundunar ruwa ma, tunda yanzu tana da sansani a Baga da kwaleji a Dawakin Tofa ta jihar Kano, ba za ta yi asara ba in ta buga zanen gefen Aradu da Kada da Karaduwa a babbar takarda, da awonsu da bayani cikin Hausa, ta raba wa makarantu.

Kara mai kyau daga Nuwamba zuwa Janairu ake samunsa, kafin a kwashe shi zuwa danga, kafin dabbobi su tattake saura. A zaɓi na dawa, ya fi na gero kauri da yawan totuwa. A ɗaure shi dami a rataye a rumfa, kada ya taɓa ƙasa saboda gara. Watannin sanyi da na bazara sun isa zane da yanka da fenti. Gwaji na farko a babban baho za a yi shi a tsakar gida, ana ƙara tsakuwa ɗaya bayan ɗaya ana duban layin. Na gulbi kuwa sai Yuli, in ruwa ya dawo, a wuri marar zurfi, da babba a tsaye, da dogon zare ɗaure a hancin jirgin.